Mutum Ɗaya, Ranar Haihuwa Biyu: Yadda Kalanda Ta Hargitsa Ranakun Tarihi

Duk shekara, ranar 23 ga Afrilu, ana bikin Ranar Littafi ta Duniya, wadda hukumar UNESCO ta ware tun 1995. A ranar ba a rasa mai gabatar da shiri a rediyo ko malamin makaranta da zai kawo dalilin zaɓenta: wai a ranar ce ta shekarar 1616 manyan marubutan Turai biyu suka mutu, William Shakespeare na Ingila da Miguel de Cervantes na Sifaniya, mai littafin Don Quixote. Zance ne mai daɗin ji, shi ya sa yake yawan fitowa a gasar kacici-kacici. Sai dai ba haka abin ya faru ba. Cervantes ya mutu a Madrid ranar 22 ga Afrilu, washegari aka binne shi. A lokacin Shakespeare yana nan da ransa a garinsu Stratford, sai bayan kwana 11 ya cika. Amma kuma wanda ya sassaƙa 23 ga Afrilu a jikin allon tunawa da shi a cocin garin bai yi ƙarya ba. Ingila da Sifaniya ne ba kalanda ɗaya suke bi ba. Ranar da mutanen Stratford suka kira 23 ga Afrilu, a Madrid 3 ga Mayu ce.

Ita ma ranar haihuwar Shakespeare da ake cewa 23 ga Afrilun 1564, babu wanda ya rubuta ta a lokacin. Abin da ke cikin rajistar coci shi ne an yi masa baftisma ranar 26 ga watan, daga baya mutane suka ja baya da kwana uku, domin abin ya dace da ranar mutuwarsa da kuma ranar waliyyin Ingila, George.

Muna koya wa yara kwanan wata kamar daga sama ya faɗo, su haddace, su ci jarrabawa. Alhali kowane kwanan wata a tarihi yana da tambayar da ke biye da shi: da lissafin wa? Wanda bai yi wannan tambaya ba zai haɗa mutanen da ba su haɗu ba, ya kuma raba waɗanda suka haɗu.

Asalin rikicin daɗaɗɗe ne. Shekara 46 kafin Miladiyya, Juliyas Kaisar mai mulkin Rum ya tarar da kalandar ƙasarsa ta birkice, har watanni sun daina faɗowa a lokacin da aka san su. Da shawarar wani masanin taurari na Iskandariyya mai suna Sosigenes, ya tsayar da shekara a kan kwana 365, da ƙarin kwana ɗaya a Fabrairu duk bayan shekara huɗu. Wato an ɗauka shekarar rana kwana 365 ce da awa shida cif. To, ba ta kai haka ba, ta gaza da kimanin minti 11. Wa zai damu da minti 11 a shekara guda? Amma da yayyafi kogi kan cika. Duk shekara 128 mintocin nan kan taru su zama kwana ɗaya.

Shugabannin cocin Roma ne abin ya fara damu, saboda bikin Ista. Lissafin ranar Ista ya rataya a kan 21 ga Maris, wadda aka ɗauka ita ce ranar da dare da rana ke daidaita tsawo, kamar yadda yake a zamanin babban taron malaman Kirista na Nikiya a shekarar 325. Kafin ƙarni na 16 daidaiton ya zame ya koma wajen 11 ga Maris. A ranar 24 ga Fabrairun 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya fitar da dokar gyara, bisa tsarin wani likita ɗan kudancin Italiya, Aloysius Lilius, wanda ya mutu tun kafin a yi aiki da shawararsa. Wani Bajamushe masanin lissafi, Christopher Clavius, shi ya tsaya ya kare tsarin daga masu suka. Gyaran kashi biyu ne. Na farko, a zubar da kwana 10 nan take. Na biyu, shekarun cikar ƙarni su daina samun 29 ga Fabrairu, sai wadda 400 ta raba ta babu saura. Shi ya sa 1600 da 2000 suka samu, 1700 da 1800 da 1900 ba su samu ba.

A Sifaniya da Fotugal da Foland da yawancin Italiya, mutane sun kwanta daren Alhamis 4 ga Oktoban 1582, suka wayi gari Juma'a 15 ga wata. A daidai wannan dare ne Teresa ta Abila, fitacciyar mace mai ibada a cikin 'yan Katolika, ta mutu a garin Alba de Tormes. An binne ta washegari, amma mai duba takarda zai zaci gawar ta kwana 11 a ajiye. Har yau ranar 15 ga Oktoba ake tunawa da ita. Abin lura shi ne masu gyaran ba su taɓa jerin kwanakin mako ba, Alhamis ta wuce Juma'a ta biyo kamar kullum. Da a ƙasar Hausa ne, yaron da aka haifa da safiyar nan sunansa Ɗanjuma, ko an kira ranar 5 ga wata ko 15.

Faransa ta bi sahu a Disambar shekarar. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin dokar daga bakin Fafaroma ta fito, kuma a lokacin Turai ta rabu a kan addini. Ƙasashen Furotesta suka ce ba za su karɓi umarni daga Roma ba, ko da lissafin daidai ne. Cocin Otodoks na gabas ma haka. Ingila ta shekara 170 tana kan tsohon lissafi, maƙwabtanta na kan sabo. A 1688, William na Orange ya taso da jiragen yaƙinsa daga Holand ranar 11 ga Nuwamba, ya sauka a gaɓar Ingila ranar 5 ga Nuwamba. Ba kuskuren rubutu ba ne, kowace ƙasa da lissafinta ta rubuta.

A cikin wannan tazara aka haifi Isaac Newton a Ingila, kuma a kansa akwai zantuka biyu da ake yawan maimaitawa: an haife shi ranar Kirsimeti, kuma a shekarar da Galileo na Italiya ya mutu. Na farkon gaskiya ne a ƙauyensu Woolsthorpe, inda ranar ta kasance 25 ga Disambar 1642. A Italiya kuwa ranar 4 ga Janairun 1643 ce, an riga an gama Kirsimeti. Na biyun kuma ba ya tsayuwa sai an gauraya kalandu biyu. Galileo ya mutu 8 ga Janairun 1642 a lissafin Italiya. In an auna su duka da sabuwar kalanda, mutuwar a 1642 take, haihuwar a 1643. In da tsohuwar aka auna, mutuwar ta koma 29 ga Disambar 1641, haihuwar na 1642. Ko ta ina aka bi, shekarar ba ɗaya ba ce, kuma tsakaninsu kusan shekara guda ce cur.

Daga ƙarshe Ingila ta miƙa wuya. Lord Chesterfield, wanda ya taɓa zama jakada a Holand ya ga wahalar wasiƙu masu kwanan wata biyu, shi ya kai ƙudurin gaban majalisar dokoki, aka amince da shi a 1751, ba tare da an ambaci sunan Fafaroma a cikin dokar ba. Kafin lokacin tazarar ta zama kwana 11, saboda Ingila ta yi 29 ga Fabrairu a 1700, masu sabon lissafi ba su yi ba. Wanda ya duba shafin Satumbar 1752 a kalandar Ingila zai ga wata mai kwana 19 kacal: Talata 1, Laraba 2, sai Alhamis 14. Masu tsara dokar sun yi tunanin inda rigima za ta ɓullo. Suka tanadi cewa mai bin bashi ba zai zo karɓa kwana 11 kafin lokaci ba, mai gidan haya ma haka, kuma matashin da ke jiran cika shekara 21 ya karɓi gadonsa sai ya jira kwanakin sun cika da gaske. Ita ma baitulmali ba ta yarda ta yi asarar harajin kwana 11 ba, sai ranar rufe lissafinta ta tashi daga 25 ga Maris ta koma 5 ga Afrilu. Har yau shekarar harajin jama'a a Birtaniya 6 ga Afrilu take farawa.

Akwai labarin da ya bazu cewa talakawa sun yi bore a tituna suna neman a mayar musu da kwanakinsu 11, wai sun zaci an rage musu tsawon rai. Masana tarihin da suka bi jaridu da takardun lokacin ba su sami shaidar boren ba. Tushen zancen wani zane ne na William Hogarth na shekarar 1755, inda ya zana hargitsin yaƙin neman zaɓe, da wani ƙyalle a ƙasa mai ɗauke da wannan koke. A ganina labarin ya daɗe ne saboda yana yi wa masu ilimi daɗi su ɗauki talaka a matsayin wanda bai san lissafi ba, alhali damuwar talakan lokacin a kan haya da lada take, kuma damuwa ce mai hujja.

Dokar ta yi wani gyaran da mutane suka fi mantawa. Kafin nan, shekarar hukuma a Ingila ba 1 ga Janairu take farawa ba, 25 ga Maris take farawa. Saboda haka Janairu da Fabrairu da yawancin Maris wutsiyar tsohuwar shekara ce. Sarki Charles na Ɗaya, wanda littattafai ke cewa an fille wa kai ranar 30 ga Janairun 1649, a takardun zamaninsa 1648 aka rubuta. Da aka mayar da farkon shekara Janairu, sai 1751 ta zama gajeruwa, kwana 282 kawai.

Gyaran nan biyu duk sun faɗa a kan George Washington, shugaban Amurka na farko, domin Bajiniya inda aka haife shi tana ƙarƙashin Ingila a lokacin. A cikin Baibul na gidansu an rubuta cewa an haife shi ranar 11 ga Fabrairu da misalin ƙarfe goma na safe, a wajen shekara kuma aka sa 1731/2, irin rubutun da mutanen lokacin ke yi don su gamsar da lissafi biyu. Yana ɗan shekara 20 aka canza kalanda, ranar haihuwarsa ta tashi daga 11 ga Fabrairun 1731 ta koma 22 ga Fabrairun 1732. Rana ta canza, shekara ta canza, mutumin bai ƙaru da ko awa ɗaya ba. Har a zamanin rayuwarsa wasu na yi masa biki ranar 11, wasu ranar 22. A 1879 majalisar Amurka ta sa 22 ga Fabrairu ta zama ranar hutu. Sai kuma wata doka ta 1968, wadda ta fara aiki a 1971, ta mayar da hutun Litinin ta uku ta Fabrairu domin ma'aikata su haɗa shi da hutun ƙarshen mako. Litinin ta uku kuwa ba ta fita tsakanin 15 da 21 ga wata. Ke nan hutun da sunansa a doka Ranar Haihuwar Washington ne, ba zai taɓa faɗowa a kan 11 ba, ba zai taɓa faɗowa a kan 22 ba.

Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya fi kowa burge ni a wannan fanni. Shi ya tsara abin da za a rubuta a kan kabarinsa a Monticello, kuma a jikin dutsen an sa an haife shi 2 ga Afrilun 1743, sannan aka ƙara haruffa biyu, O da S, alamar cewa da tsohon lissafi ne. A sabon lissafi 13 ga Afrilu ce. Haruffa biyu kacal, amma sun raba mai karatu da ruɗani har abada. Wannan ita ce amanar da ake nema a wurin mai rubuta tarihi.

Ba duk dacewar ranaku ce ta jabu ba. Jefferson ɗin nan da John Adams, shugabannin Amurka na uku da na biyu, sun mutu rana ɗaya da gaske, 4 ga Yulin 1826, ranar da ƙasar ke cika shekara 50 da shelar 'yancin kai. Shugaba na biyar, James Monroe, shi ma 4 ga Yuli ya mutu, a 1831. Abraham Lincoln da Charles Darwin ranar 12 ga Fabrairun 1809 aka haife su, ɗaya a bukkar katako a Kentaki, ɗaya a gidan likita mai wadata a Shrewsbury ta Ingila. Stephen Hawking ya zo duniya 8 ga Janairun 1942, shekara 300 daidai bayan mutuwar Galileo, ya kuma mutu 14 ga Maris ɗin 2018, ranar haihuwar Albert Einstein. Waɗannan sun tsaya da ƙafafunsu domin da ma'auni ɗaya aka auna ɓangarorin biyu.

Sauran ƙasashe kowace da irin tata hanyar. Suwidin ta so ta yi gyaran a hankali, ta riƙa tsallake 29 ga Fabrairu har tsawon shekara 40. Ta tsallake ta 1700, yaƙi ya ɗauke hankalin hukuma, ba a tsallake ta 1704 da 1708 ba, sai ƙasar ta zama ba ta tare da kowa. Domin ta koma tsohon lissafi, sai ta yi wa Fabrairun 1712 kwana 30. Ba ta shiga sabuwar kalanda ba sai 1753. Alaska kuwa, da Amurka ta saye ta daga Rasha a 1867, ta canza kalanda ta kuma koma bin kwanan Amurka a lokaci guda, sai Juma'a 6 ga Oktoba ta wuce, washegari aka sake wata Juma'ar, 18 ga wata.

Rasha ta jira har bayan juyin juya hali. A 1918 gwamnatin Lenin ta yanke cewa daga 31 ga Janairu sai 14 ga Fabrairu. Shi ya sa juyin da duniya ta sani da na Oktoba, wanda ya faru 25 ga Oktoban 1917 a lissafin Rasha, ranar 7 ga Nuwamba Tarayyar Sobiyat ta riƙa yi masa fareti a Mosko. Cocin Rasha bai bi gwamnati ba, har yau 25 ga Disambarsa kan faɗo 7 ga Janairu, ranar da Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha su ma ke Kirsimeti da nasu lissafin. Girka ta canza a 1923, Turkiyya a 1926. A nan ne masu juya kwanan wata ke yawan tuntuɓe, su ɗauki 13 su ƙara wa kowa. Tazarar ba tsayayya ba ce: ta Newton kwana 10 ce, ta Washington 11, ta Lenin da aka haifa a 1870 kwana 12, ta 1917 kuma 13. Daga Maris ɗin 2100 za ta zama 14.

Mai karatu Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, domin a cikin kalanda biyu yake rayuwa: albashi da makaranta a Miladiyya, azumi da salla da aikin Hajji a Hijiriyya. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya kafa lissafin Hijira wajen shekara ta 17, sahabbai suka zaɓi Muharram ya zama farkon shekara, duk da cewa a Rabi'ul Awwal Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isa Madina. Ita kanta 16 ga Yulin 622 da littattafai ke bayarwa a matsayin ranar farko ta shekara ta ɗaya, da lissafin Juliyas take. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka shekara 33 ta Hijira daidai take da kusan 32 ta Miladiyya. A shekarar 2000 an yi ƙaramar salla sau biyu, a Janairu da Disamba, kuma a 2030 za a ɗauki azumi sau biyu. Kwanakin nan 11 kuɗi ne a aljihu. Da Saudiyya ta mayar da biyan albashin ma'aikatan gwamnati kan Miladiyya a 2016, ma'aikaci ya koma yin ƙarin kwanaki kusan 11 a shekara a kan albashin wata 12 ɗin da ya saba karɓa.

Ga misali daga cikin gida. Kowane ɗan makaranta ya san an haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ranar 15 ga Disambar 1754 a Maratta ta ƙasar Gobir, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar. Amma babu wanda ya san wani abu wai shi Disamba a Maratta a lokacin. Abin da jama'arsa suka kiyaye shi ne ranar Lahadi, ƙarshen watan Safar na shekarar 1168. Disambar nan aikin masana ne na baya, da suka juya lissafin. Haka rasuwarsa a Sakkwato, 3 ga Jimada Sani 1232, wadda ta dace da 20 ga Afrilun 1817. In ka ƙirga da Miladiyya, Shehu ya rayu shekara 62 da wata huɗu. In ka ƙirga da kalandar da shi kansa ya yi amfani da ita, shekara 64 ce da 'yan watanni. Duka amsoshin daidai ne, kuma alƙalin gasar da ya karɓi ɗaya ya ƙi ɗaya ya zalunci yaro.

Abin da ke damuna shi ne yadda littattafanmu na makaranta da jaridunmu suke jefar da kwanan watan asali su riƙe wanda aka juya. Juyin kuwa ba ya rasa ɗan gibi. Watan Musulunci da ganin jinjirin wata yake kamawa, kuma garin da ya gani yau da wanda bai gani ba sai gobe za su bambanta da kwana ɗaya. Ranar Musulunci kuma daga faɗuwar rana take farawa, shi ya sa daren Juma'a a wurinmu yake zuwa kafin yinin Juma'a, alhali a lissafin Bature daren Alhamis ne har sai sha biyu ta buga. Abin da ya faru bayan magariba yana iya faɗawa kwana biyu daban, gwargwadon wanda ya juya shi. Abin da ke warware irin wannan shi ne sunan ranar mako, kuma malamanmu na dā sun saba rubuta shi tare da kwanan wata. Lahadin da aka kiyaye a haihuwar Shehu ita ke ba mai bincike damar duba lissafinsa, ya ga lallai 15 ga Disambar 1754 Lahadi ce. Wanda ya kwafi Disamba kaɗai ya bar Safar da Lahadi, ya yar da abin da za a gwada gaskiyarsa da shi.

Batun ya shafi bukukuwan tunawa ma. Hijirar Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu ta auku ne a watan Zulƙida na 1218, wato Fabrairun 1804. A shekarar 2004, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, aka yi bikin cikar Daular Usmaniyya shekara 200. Da lissafin waɗanda suka yi hijirar, shekara 200 ta riga ta cika tun Zulƙida ta 1418, wajen Maris ɗin 1998, kusan shekara shida kafin bikin. Irin wannan zaɓi yana nan tafe kuma. Shehu zai cika shekara 300 da haihuwa a ƙarshen Safar na 1468, wanda zai faɗo a farkon Janairun 2046. Masu bin Miladiyya kuwa sai sun jira 15 ga Disambar 2054, kusan shekara tara bayan nan.